Wa Za Mu Tura Karatun Likitan Haƙori? Lacca a Dawakin Kudu

 

Magana ɗaya na zo da ita, kuma zan faɗe ta tun farko domin mai ja ya san inda zai kama. Karkarar Kano ba za ta wadatu da likitocin haƙori ta hanyar turo su daga birni ba. Za ta same su ne ranar da aka fara ɗaukar 'ya'yanta da niyya a makarantar koyon aikin, aka riƙe su har su gama, aka kuma tanadar musu wurin aiki a gida. Inda likita zai zauna nan da shekara goma, mafi yawansa tun ranar da aka fitar da sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu ake yanke shi. Idan duk sunayen na yaran Nasarawa da Tarauni da Gwale ne, kada wanda ya yi mamaki in ya tarar da kujerun haƙori sun taru a Nasarawa da Tarauni da Gwale.

Mu fara da girman buƙatar. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Nuwamba na 2022 ya nuna cewa kusan mutum biliyan 3.5 ke fama da wata cuta ta baki ko haƙori, wato kusan kashi 45 cikin 100 na mutanen duniya, kuma uku cikin kowane huɗu daga cikinsu a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi suke. A yankin Afirka na hukumar, likitocin haƙori ba su kai huɗu ga mutum 100,000 ba, kusan kashi ɗaya cikin goma na matsakaicin abin da duniya ke da shi. Nijeriya mai mutum sama da miliyan 200 likitocin haƙorinta 'yan dubbai ne ƙalilan, galibinsu kuma a manyan birane. Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44, takwas ne kawai na cikin birni da kewayensa. Dawakin Kudu da Kura da Bunkure kaɗai sun haura mutum rabin miliyan tun a ƙidayar 2006, yau kuwa sun ƙaru nesa ba kusa ba. To idan haƙori ya kama manomi a Barkum ko Gundutse ko Tsakuwa cikin dare, me yake yi? Ya tauna kanumfari, ya wayi gari a kemis ya sayi maganin kashe zafi da 'yan ƙwayoyin kashe ƙwayar cuta waɗanda ba za su isa ba. Wani har ruwan batir yake ɗigawa a kogon, ya ƙone dasashi. In abin ya ƙi, sai mai cire haƙori na ranar kasuwa, da kayan da ba a dafa su ba tsakanin bakin wannan da na wancan. Birni ba shi da nisa daga nan, gaskiya ne, amma kuɗin mota da kuɗin kati da yinin da za a rasa ana tsakiyar dashen shinkafa ko tsinkar tumatir sun isa su sa mutum ya ce bari ya ƙara daurewa. Daurewar nan ce ke kai wasu asibiti da kumburin da ya sauka ƙarƙashin muƙamuƙi ya fara toshe numfashi, wanda likitoci suka san yana kisa.

Na san abin da wasunku ke faɗa a zuci: a ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ke ɗauke yara, mata ke mutuwa wurin haihuwa, wa ke ta haƙori? Tambaya ce ta mai hankali, kuma amsarta tana Sakkwato. Tun 1999 akwai asibiti a can wanda aka keɓe wa yara masu cutar zaizayar baki, wadda likitoci ke kira noma, kuma tun 2014 ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafa masa. Cutar tana kama yara 'yan shekara biyu zuwa shida waɗanda yunwa ko ƙyanda ko zazzaɓi ya raunana. Da kumburin dasashi da warin baki take farawa, cikin 'yan kwanaki ta cinye kunci da leɓe da ƙashi. In ba a yi magani ba, kusan tara cikin goma na yaran da ta kama mutuwa suke yi, wanda ya tsira kuma ya rayu da fuskar da ke hana shi ci da magana da shiga mutane. Amma a matakin farko maganinta mai sauƙi ne: maganin kashe ƙwayar cuta, da tsabtace baki, da abinci mai gina jiki. Nijeriya ce ta jagoranci neman a sa ta cikin jerin cututtukan da duniya ta yi wa sakaci, aka kuma amince a watan Disamba na 2023. Abin da ke raba yaron da zai warke cikin mako guda da wanda zai buƙaci tiyata bayan tiyata shi ne samun wani kusa da gida wanda ya saba buɗe bakin yaro ya gane abin da yake gani. Ku haɗa da mai ciwon suga wanda ciwon dasashi ke dagula masa lissafi, da tsohon da ya rage cin abinci don ba abin taunawa, da wanda ya faɗi a babur ya karya muƙamuƙi a Titin Zariya, za ku ga lafiyar baki tana tsakiyar lafiyar talaka.

Tarihin karatun kansa ya bayyana dalilin da ya sa muke a baya. A Jami'ar Legas aka buɗe makarantar likitan haƙori ta farko a ƙasar nan a 1966. Ibadan da Ife da Benin suka biyo a shekarun 1970. Arewa ba ta samu tata ba sai bayan shigowar wannan ƙarni, a Maiduguri da farko, daga baya Jami'ar Bayero ta kafa tsangayarta, ɗalibanta na koyon aiki a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Shekaru masu yawa ke nan yaron Kano da ke son wannan aiki sai ya tsallaka Kudu. Yanzu wannan uzuri ya kau, domin daga Kwanar Dawaki zuwa ƙofar asibitin titi ɗaya ne. Abin da ya rage a tambaya shi ne wa ke shiga ta ƙofar. Guraben ba su da yawa, saboda Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya ce ke ƙayyade wa kowace makaranta adadin da za ta ɗauka gwargwadon malamanta da kujerunta. Abu in ya yi kaɗan, yadda aka raba shi ya fi komai muhimmanci.

Hujjar cewa ɗan karkara ya fi komawa karkara ba zato ba ce. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tattara binciken ƙasashe ta fitar da shawarwari kan yadda za a samar da ma'aikatan lafiya a wurare masu nisa, ta sabunta su a 2021, kuma a duka biyun abin da ta sa a gaba shi ne a tsara ɗaukar ɗalibai ta yadda za a nemo waɗanda suka tashi a karkara. A Afirka ta Kudu, binciken da De Vries da Reid suka buga a 2003 ya gano cewa kusan kashi 38 cikin 100 na likitocin da suka fito daga karkara a karkarar suke aiki, alhali na birni kusan kashi 12 ne kawai suka je can. Ku lura da kyau, ba duka ne suka koma ba, ko rabi ba su kai ba, kuma ba zan ɓoye wannan ba. Sai dai ninki uku ba ƙaramin bambanci ba ne ga mai tsara manufa. Japan ta kafa Jami'ar Jichi a 1972 a kan wannan tunani: kowane lardi ya turo yara biyu ko uku, a ɗauke musu kuɗin karatu, su koma su yi wa lardinsu aiki shekara tara. Tailan ta fara nata shirin a 1994, tana ɗaukar ɗalibai daga larduna, tana koya musu aiki a asibitocin yankinsu, tana mayar da su can. Galibin wannan hujja a kan likitocin jiki aka tara ta, amma dalilin da ke bayanta bai san bambancin fanni ba. Wanda uwarsa ke Kumurya, gonar gidansu ke bakin kanal, a nan ya yi aure, ba ya ganin zaman Bunkure a matsayin horo. Wanda kuwa aka turo daga birni, tun ranar da ya kama aiki yake neman wanda zai sa baki a mayar da shi, kuma ban ga laifinsa ba, domin rayuwarsa tana can.

Ba sai mun je Japan ba ma, domin garin da muke zaune a cikinsa shi ne babbar shaida. A tsakiyar shekarun 1970 Jihar Kano ta duba ta ga ba ta da 'ya'yanta a aikin likita da injiniya, asibitocinta da ma'aikatunta sun dogara da baƙi daga wasu jihohi da wasu ƙasashe. Ba ta zauna jiran abin ya gyara kansa ba. A 1977, zamanin mulkin Kanar Sani Bello, aka kafa hukumar makarantun sakandaren kimiyya, aka buɗe biyu na farko, ɗaya a nan Dawakin Kudu, ɗaya a Dawakin Tofa, sannan a 1981 aka ƙara ta 'yan mata a Taura. A wancan lokaci ana zaɓo yara da jarrabawa bayan aji biyu na sakandare, a tara su a kwana, a ba su malamai da ɗakunan gwaji da abinci. An soki shirin a lokacin, an ce fifita wasu yara ne a kan wasu. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Sussex a kan shekaru goman farko na waɗannan makarantu, mai son tarihin ya nema. Amma ko ba a buɗe littafi ba, duk wanda ya shiga asibitocin Kano da Jigawa ya tambayi manyan likitoci inda suka yi sakandare zai sha jin sunan Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. Darasin da nake so mu ɗauka shi ne gwamnati ta taɓa cewa: ga irin ma'aikatan da muka rasa, ga yaran da za su zama su, ga kuɗin. Giɓin da aka cike a wancan lokaci tsakanin Kano da sauran Nijeriya ne. Na yau tsakanin birnin Kano ne da ƙauyukanta, kuma maganin bai canja ba.

Ƙa'idar keɓe gurbi ma ba baƙuwa ba ce a jami'o'inmu. Jami'o'in tarayya sun daɗe suna raba gurabe kashi uku: 45 cikin 100 bisa maki zalla, 35 ga yankin da jami'ar take, 20 ga jihohin da aka ɗauka an bari a baya a ilimin boko, Kano kuma tana cikinsu. Matsalar ita ce wannan adalci a bakin iyakar jiha yake tsayawa. Da zarar an ce ɗan Kano, an haɗa yaron da ya yi makarantar kuɗi a Bompai da wanda ya yi ta jeka-ka-dawo a Chirin an sa su gudu ɗaya. Manoman wannan yanki sun fi kowa sanin yadda irin wannan ke ƙarewa. Ruwan Tiga, dam ɗin da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, domin kowa aka sako shi, amma mai gona a kan kanal shi ke fara sha, na ƙarshen layi kuwa sai abin da ya rage, in ba a tsara rabon da ranaku aka tsare shi ba. Haka gurbin karatu yake. Kafin yaro ya nemi likitan haƙori sai ya ci Turanci da Lissafi da Bayoloji da Kemistiri da Fizis a WAEC ko NECO, sannan ya samu maki mai tsoka a JAMB, wadda tun 2015 a kwamfuta kaɗai ake rubuta ta. Yaron da makarantarsu ba ta da tsayayyen malamin Fizis, bai taɓa riƙe kwalbar gwaji ba, ranar jarrabawa ce ranar farko da ya zauna gaban kwamfuta, an cire shi daga takarar tun kafin a fara. Akwai kuma wani shinge da ba a cika ambata ba, wato rashin sani. Yaro ba ya burin zama abin da bai taɓa gani ba. Mai ƙoƙari a ƙauye ya san likita, ya san nas, ya san malamin asibiti, amma sau da yawa bai san akwai digiri na shekara shida a kan baki da haƙori da muƙamuƙi ba, wanda mai shi cikakken likita ne da ke rubuta magani yana yin tiyata.

Saboda haka ɗaukar ɗan karkara ba a ofishin jami'a yake farawa ba, a ƙaramar sakandare yake farawa. Ya kamata ɗaliban tsangayar haƙori da malamansu su riƙa zagaya makarantun Kura da Bunkure da Garun Malam da Dawakin Kudu, su duba bakin yara, su kuma gaya musu yadda ake shiga wannan aiki. A jarrabawar shiga makarantun kimiyya a tabbatar kowace ƙaramar hukuma ta samu rabonta daga makarantun da ke cikinta. A jami'a kuma a keɓe wani kaso sananne na guraben haƙori ga waɗannan yara. Nan take za a ce mini, ai 'ya'yan manya ne za su kwashe da takardar shaidar ƙaramar hukuma. Wannan tsoro yana da tushe, domin kowa ya san yaron da aka haifa a birni, bai taɓa kwana a garin kakansa ba, yana iya samun wannan takarda cikin yini guda. Shi ya sa bai kamata takardar asali ta zama ma'auni ba. Ma'aunin shi ne inda yaro ya yi firamare da ƙaramar sakandare, abin da rajistar makaranta da takardun jarrabawa za su tabbatar, a kuma liƙa sunayen waɗanda aka zaɓa a sakatariya da ƙofar hakimi da masallacin Juma'a kafin a kammala. A ƙauye ba a ɓoye ɗan wane da inda ya tashi.

Suka mafi nauyi ita ce ta cancanta. Za a ce aikin likita rai ne a hannu, ba wurin rabon tausayi ba ne, kuma in aka ɗauki mai ƙaramin maki aka bar mai babba an zalunci na biyun, an kuma jefa majiyyata cikin haɗari. Na yarda da rabin farko ɗari bisa ɗari, kuma shi ya sa ba na neman a sassauta ko da maki ɗaya a jarrabawar fita. Duk wanda zai riƙe allura a bakin mutum ya ci jarrabawar da kowa ya ci, a gaban masu jarrabawar da aka gayyato daga waje. Inda na saɓa shi ne a ɗauka makin JAMB yana auna ƙwaƙwalwa kaɗai. Yana auna ta, amma yana kuma auna malaman da yaro ya samu, da lasin ɗin da aka biya masa, da wutar da ya yi karatu da ita. Yaron da ya haɗa maki mai kyau daga makarantar da ba ɗakin gwaji, yana zuwa gona kafin ya je aji, ya nuna wani abu da makin bai rubuta ba. Giɓin da ke tsakaninsa da takwaransa na gaske ne, amma ana cike shi, kuma an gwada a jihar nan. Shirin Women for Health, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2012 a Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe, ya kawo shekarar share fage ga 'yan matan karkara masu son aikin jinya da ungozoma. Al'umma ce ke tsayar da yarinya, a ba ta shekarar ƙarfafa kimiyya da Turanci, wadda ba ta cika darussanta ba ta sake rubutawa, sannan ta shiga makarantar ta ƙofar da kowa ke bi, da alkawarin dawowa gida. Abin da ya yiwu ga ungozoma ba abin da zai hana shi yiwuwa ga likitan haƙori, sai dai a ƙara wa shekarar nauyi.

Ba yaro gurbi a sake shi haka nan kuwa, kusan gara ba a ba shi ba. Karatun shekara shida ne in ba yajin aiki, sai shekarar koyon aiki a asibiti, sai hidimar ƙasa. A shekarun farko tare da ɗaliban likitanci ake karanta ginin jikin mutum da yadda yake aiki, kuma jarrabawar wannan mataki ita ce ta fi korar ɗalibai. A shekarun ƙarshe ɗalibin haƙori yana da wani nauyi da na likitanci ba shi da shi: kayan aikin hannu da zai saya, da adadin ciko da cirewa da wankin haƙori da haƙoran roba da dole ya kammala a bakin majiyyata kafin a bar shi ya zauna jarrabawa, har a makarantu da dama ɗalibi kan biya wa majiyyaci daga aljihunsa don adadin ya cika. Uban da zai ɗauki wannan manomi ne, kuɗinsa da kaka yake zuwa, ba da wata ba. Waɗanda suka ga yadda tsutsar sharon ta share gonakin tumatir na Kadawa da kewaye a 2016 sun san shekara ɗaya na iya cinye jarin gida gaba ɗaya, kuɗin makaranta kuwa ba ya jiran a farfaɗo. Asusun bashin ɗalibai na NELFUND da aka fara a 2024 ya rage zafi, yana biyan kuɗin makaranta da ɗan alawus na wata, amma bashi ne, kuma bai isa ya riƙe ɗalibin haƙori shi kaɗai ba. Abin da ake buƙata tallafi ne cikakke mai zuwa a kan kari: kuɗin makaranta, ɗaki a hostel kusa da asibiti, abinci, littattafai, kayan aiki. Tallafin da ke zuwa bayan an rufe rajista ya riga ya rasa rabin amfaninsa.

Kuma kuɗi kaɗai ba ya riƙe ɗalibi. A Ingwavuma ta lardin KwaZulu-Natal a Afirka ta Kudu, wani likita mai suna Andrew Ross da abokan aikinsa a Asibitin Mosvold sun fara wani shiri a 1999, wanda yau ake kira Umthombo. Asibitin da mutanen gari ne ke zaɓar yaran, kowane yana da mai bibiyarsa da ke tambayar karatunsa da halin da yake ciki, in an yi hutu ya dawo ya yi aiki a asibitin garinsu, in ya gama ya biya da aiki, shekara a bakin shekara. Yaran da aka ce ba za su iya ba, mafi yawansu sun gama, a fannonin lafiya iri-iri har da haƙori. Wannan bibiya ita ce abin da ɗan karkara ya fi rasa. Ɗan likita in ya faɗi gwaji akwai wanda zai gaya masa a gida cewa haka abin yake, ga yadda ake tashi. Ɗan manomi shi ne na farko a zuriyarsu da ya taka jami'a, yana jin kunyar Turancinsa, yana jin nauyin faɗa wa iyayensa ya faɗi, sai ya yi shiru har ruwa ya ƙare masa. Nan ne tsofaffin ɗaliban makarantun kimiyya, ƙungiyar KASSOSA da sauransu, za su yi abin da gwamnati ba za ta iya ba: kowane babban likita ya riƙe yaro ɗaya ko biyu a matsayin ƙani. Kuɗin kuwa ba dole ya fito daga aljihu ɗaya ba. Ga hukumar tallafin karatu ta jiha, ga ƙananan hukumomi, ga masu injinan casar shinkafa na Kura, ga dillalan Kwanar Gafan, ga ƙungiyoyin masu amfani da ruwa waɗanda sun riga sun saba tara kuɗi don yashe kanal, ga kuma ƙofar waƙafi da addininmu ya buɗe tun tuni. Riƙe ɗalibi biyu a shekara bai fi ƙarfin ƙaramar hukumar da ke fitar da tirelolin shinkafa ba.

Iyaye mata, da ku nake a nan. Rabin guraben ya kamata ya zama na 'yan mata, domin akwai matan aure da yawa da za su ci gaba da daurewa in namiji ne kaɗai zai duba su, kuma uwa ce ke fara ganin bakin yaro. Shekara shida tana ratsa lokacin aure, ba mai musun wannan, amma shirin Women for Health da na ambata ɗazu ya nuna in aka yi wa matan aure masauki da wurin renon yara a makaranta, aka kuma shigo da miji cikin maganar tun farko, aure da karatu suna tafiya tare.

Saura maganar alkawarin dawowa. Wani zai ce, me ya sa za a ɗaure ɗan talaka da yarjejeniya alhali ɗan mai kuɗi yana gamawa ya tafi Saudiyya ko Ingila ba mai tambayarsa? Wannan suka tana damuna, kuma ba na jin ana iya kawar da ita gaba ɗaya. Abin da zan ce shi ne alkawarin ya zama mai iyaka, shekara a bakin shekara, a bayyana shi a fili kafin yaro ya sa hannu, kuma ya ɗaure ɓangare biyu. In an wajabta wa likita ya dawo Bunkure, to wajibi ne ya tarar da takardar ɗaukar aiki, da albashi mai ƙarin alawus na karkara, da gida, da kujerar aiki, da tukunyar dafa kaya, da wutar sola, da tabbacin cewa in ya cika shekarunsa shi ne a gaba wajen tafiya karatun ƙwarewa. Gwamnatin da ta kasa cika nata ba ta da bakin neman ya cika nasa. Rashin wutar lantarki ma bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Tun tsakiyar shekarun 1980 aka ƙirƙiro wata hanyar ciko a Tanzaniya wadda ake yi da kayan hannu kawai ba inji, kuma a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa abin cikon da ake amfani da shi a wannan hanya, da wani ruwan magani mai tsayar da ruɓewa, da man goge baki mai fuloraid, cikin jerin muhimman magunguna. Wasu za su tafi duk da haka bayan sun cika alkawari, kuma haƙƙinsu ne. In ana yaye sababbi kowace shekara, kujerar ba za ta zauna ba kowa ba.

Daga ƙarshe akwai masu cewa likita ya yi tsada, a horar da jami'an lafiyar haƙori na matsakaicin mataki kawai, irin waɗanda wata kwaleji a Enugu ta daɗe tana yayewa, ko a faɗaɗa wannan fanni a makarantun koyon aikin lafiya na Kano da Bebeji. Suna da gaskiya mai yawa. New Zealand ta fara sa irin waɗannan ma'aikata a makarantun yara tun 1921, kuma mazaɓu 484 na Jihar Kano ba za su taɓa samun likita ɗaya-ɗaya ba a zamaninmu. Wankin haƙori da ciko mai sauƙi da koya wa yara riƙon buroshi da aswaki da gano zaizayar baki da wuri, duk aikinsu ne, kuma su ma daga karkara ya kamata a ɗebo su, da irin wannan tallafi. Amma jami'in da ya ga kumburin da ya fi ƙarfinsa, ko gyambon da ya ƙi warkewa a harshe, ko karyayyen muƙamuƙi, yana buƙatar likitan da zai tura wa a babban asibitin ƙaramar hukumarsa, wanda kuma zai riƙa zagayowa yana duba aikinsa. A kuma bar masa tsani, ta yadda wanda ya nuna ƙwazo zai iya hawa ya zama likitan shi ma.

Akwai mataki guda da ba ya buƙatar kasafin kuɗi ko izinin Abuja, kuma shi nake roƙon shugabannin ƙananan hukumomin nan da iyayen ƙasa su nema a rubuce. Jami'a da hukumar makarantun kimiyya da hukumar tallafin karatu su riƙa bayyanawa kowace shekara, cikin yaran da suka ɗauka a fannin haƙori da sauran fannonin lafiya, nawa ne suka yi firamare da ƙaramar sakandare a wajen ƙananan hukumomi takwas na birni, kuma daga wace ƙaramar hukuma. Bayanin yana cikin fayil ɗin kowane ɗalibi, tattarawa kawai ya rage. Da wannan adadi a hannu ne wakilin Dawakin Kudu ko na Kura ko na Bunkure zai iya miƙewa a majalisar jiha ya faɗi gurbi nawa yake nema, da kuɗin da za su ci, da shekarar da za a fara.